Kiran waje ya ƙi fita bayan sauya tsarin lambobi

Malam, ka ce wayoyin ofishinku a Katsina suna kiran junansu, amma kiran waje ya ƙi fita. Yawanci matsalar tana wajen 9 ɗin da ake dannawa a farko don samun layin waje. In na'urar da ke haɗa wayoyin ofis ba ta cire shi ba, alƙaluma 12 ne za su tafi maimakon 11, kiran ya katse. Bari sai an tashi aiki ka gwada kiran lamba mai farawa da 0803, da mai 0703, sannan mai +234. In manhajar da ke tafiyar da na'urar Asterisk ce, umarnin "dialplan show" zai nuna maka hanyar da kiran zai bi. Don Allah kada ka ba wayar wani tebur a ofis lambar 112, ta agajin gaggawa ce. In duk da haka ya ƙi, kamfanin da ya ba ku layi ne zai duba ɓangarensa.