Tambaya da Amsa: Kiɗan ake saurare ko rigar ake kallo?

Tambaya: Salamu alaikum malam, ni ɗalibi ne daga unguwar Birni nan Damagaram. Na ga bidiyon wata 'yar China tana kaɗa piyano a YouTube, amma mutane sai gardama suke kan rigarta, ba mai zancen kiɗan. Wai haka masu son kiɗan turawan nan suke?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ina jin Yuja Wang ka gani, haifaffiyar Beijin a 1987. Tun 2011 da ta hau dandali a Los Anjalas da guntuwar riga ake ta wannan surutun har a jaridun Amurka, don shi wannan kiɗa mutanensa sun saba da baƙar kwat da natsuwa, kamar yadda ba za ka so ka ga mai algaitar fadar Sarkin Damagaram da gajeren wando ba. Lang Lang ma, wani makaɗin piyano ɗan China wanda ya kaɗa a bikin buɗe gasar Olamfik ta 2008, wasu na cewa ya cika yatsina fuska da rausaya, alhali yara da yawa ta dalilinsa suka fara koyon piyano. Ni dai rigar ba ta yi min ba gaskiya, amma abin da ke min ciwo shi ne mutum ya shekara ashirin yana wahalar koyo, a zo a kasa kasa masa kunne ko na minti biyar. Ka sake saurarenta, hannunta akwai gwaninta sosai.