An yi wa maigidana tayin fankiriyas na ɗan shekara 44, muka ƙi karɓa

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Maigidana yana da ciwon suga nau'i na ɗaya tun yana yaro. Yanzu ƙodarsa ta gaza, shekara biyu ke nan yana wankin ƙoda a nan Ingila, yana layin dashen ƙoda da fankiriyas. An kira mu, amma da muka ji mamacin ɗan shekara 44 ne, kuma sai bayan zuciyarsa ta tsaya aka cire, sai yayansa ya ce mu jira na matashi. Muka ƙi. Tun ranar ba ni da sukuni. Mun yi kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya.

Gaskiya ne yanayin mamaci yana tasiri, domin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ya fi ƙoda laushi. A 2010 masu bincike a Amurka suka fitar da ma'aunin PDRI, mai auna haɗarin gazawar fankiriyas ɗin da aka dasa, inda aka ɗauki namiji ɗan shekara 28, marar ƙiba, wanda ba bugun jini a ƙwaƙwalwa ne ajalinsa ba, gaɓar kuma ta yi awa 12 a ƙanƙara, aka ba shi maki 1. Shekaru na ƙaruwa, maki na hawa, wato haɗari na ƙaruwa. Haka ma ƙiba, saboda fankiriyas mai kitse ya fi saurin kumburi. Abin da muka fi tsoro shi ne jini ya daskare a jijiyarsa a kwanakin farko, wanda kan tilasta a koma a cire shi.

Sai dai ma'aunin nan hasashe ne a kan dubban mutane, ba ya faɗin makomar mutum ɗaya. Kafin a buga muku waya an riga an tace, kuma ko kun isa asibiti, likitan tiyata zai ɗauki gaɓar a hannunsa ya duba launinta da taurinta da kitsen da ke jikinta. In ba ta yi masa ba, gida zai sallame ku.

Wannan magana ta "mu jira na matashi" kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Mai faɗinta yana kwatanta gaɓar yau da wata da babu wanda ya yi masa alkawarinta. Ya manta da na'urar wankin ƙodar da maigidanki ke hawa sau uku a mako. Mai ciwon suga da ke wankin ƙoda, jijiyoyin zuciyarsa da na ƙafafunsa lalacewa suke yi a hankali, har a wayi gari an ce ba zai iya ɗaukar tiyatar ba, a cire sunansa daga layin. A lokacin yayan nasa da 'yan WhatsApp ɗin da suka zuga shi ba su da abin bayarwa sai "Allah ya sawwaƙe". Batun tsayawar zuciya kuma, bayanan Birtaniya kanta sun nuna cewa a dashen ƙoda da fankiriyas tare, sakamakon irin waɗannan gaɓoɓin da aka zaɓa da kyau ya yi kusa da na waɗanda ƙwaƙwalwarsu ce ta mutu.

Ki nemi ganin likitan tiyatarsa tun yanzu, kafin wayar tsakar dare. Ku tambaye shi iyakar shekaru da ƙibar da yake karɓa ga mutum irin maigidanki, da sakamakon gwajin zuciyarsa na ƙarshe. Ki tafi da yayan nasa ya ji da kunnensa.