Me ya sa rediyon motata ya daina kama tasha da kyau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na cire rediyon da motata ta zo da shi na sa mai babban allo na Android. Tun daga nan tashoshin FM sai shuu suke yi ko a cikin Kano, in kuma na kama hanyar Zariya ko Kwanar Dangora ba na kaiwa sai su ɓace. Shin rediyon ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa rediyon laifi. Tunda matsalar ta fara ne ranar da aka canza shi, abin da na fi zargi shi ne wata 'yar shuɗiyar waya a bayansa. Motoci da yawa eriyarsu ba sanda ba ce, siraran layuka ne a jikin gilashin baya ko ɗan ƙoƙon nan da ke kan rufi, kuma tare da ita akwai ƙaramar na'ura mai ƙara ƙarfin sigina. Na'urar tana buƙatar wuta bolt 12, kuma ta shuɗiyar wayar nan take samu. Masu haɗawa kan manta da ita, tunda sauti ya fito, allo ya kama, sai a ɗauka aiki ya kammala. Ka koma wurin mai rewaya ya haɗa ta, ya kuma duba ko filogin eriyar ya shiga ramin sosai.

Ɓacewar tasha a hanya kuwa wani ɓangarensa ɗabi'ar FM ce. Siginarta, wadda mitarta ke tsakanin 87.5 da 108, kusan a miƙe take tafiya daga hasumiyar gidan rediyo, don haka nisa, tudu da dogon gini duk suna rage ta. AM ta fi nisan zango, musamman da dare. Sai dai mota 'yar Amurka tana tsallaken lamba 10-10 wajen neman tasha a AM, mu kuma a nan 9-9 ake yi, shi ya sa ba za ta zauna daidai kan mita irin 594 ba.

Ka kuma gwada wannan: kunna rediyo inji a kashe, sannan ka tayar. In hayaniyar ta ƙaru, tana hawa da taka totur, to daga altaneta ko fulogin inji take. Cire cajar wayarka ma ka saurara. Caja mai arha da wasu fitilun LED suna da mugun hayaniya, na sha ganin an canza eriya a banza saboda su.

Game da kulawa, mai eriyar sanda ya bar ta a tsawonta, kimanin santimita 75, don shi ne ya dace da FM. Gutsure ta ko maye ta da 'yar gajera don ado asara ce. Ya riƙa kwance ta lokaci-lokaci ya goge tsatsar gindinta, saboda nan take haɗuwa da ƙarfen mota. Mai hawa da sauka kuma a goge ta da ɗanyen tsumma lokacin hunturu, kada a shafa mata baƙin mai, ƙura zai tara. In ta gilashi ce, kada a kankare sitika da reza a kanta, layi ɗaya ya yanke sigina ta ragu. Baƙar ledar gilashi mai ƙarfe a ciki ma tana toshe ta, sai ka tambaya kafin a manna maka.