Ƙauyen Mödlareuth da ka tambaye ni

Ƙanena, barka da samun gurbin karatu a garin Hof na ƙasar Jamus, Allah ya sa albarka. Ka ce ka hango wani ƙauye a taswira kusa da garin, Mödlareuth, kana so ka nemi ɗaki a can tunda hayar ƙauye ta fi sauƙi. Ɗaki dai ka nema cikin Hof. Amma ƙauyen nan lalle ka je ka gan shi.

Mutanensa ba su wuce hamsin ba. Wani ɗan rafi ne ya ratsa tsakiyarsa, Tannbach, wanda ko yaro zai tsallake. Tun 1810 rafin yake iyaka tsakanin masarautar Bavariya da ta Reuss, sai dai a lokacin ba wanda ya damu: makarantarsu ɗaya, cocinsu ɗaya a Töpen, wani ƙauye da ke kusa. A 1945 ne abin ya sauya, Amurka ta karɓi Bavariya, Tarayyar Sobiyat ta karɓi Turingiya, jihar da Reuss ta koma cikinta; daga baya rafin ya zama iyakar Jamus ta Yamma da ta Gabas. A 1952 aka kafa shingen katako, a 1966 kuma Jamus ta Gabas ta gina katangar kankare mai tsawon mita 700, tsayinta ya haura mita 3. Sojojin Amurka suka riƙa kiran wurin Ƙaramar Berlin, domin katanga ta raba shi biyu kamar birnin Berlin. 'Yan gabas ko hannu aka hana su ɗaga wa danginsu na ƙetare. Mu da muke da 'yan'uwa a Katsina da Maraɗi, wannan zai taɓa mu.

Ba a buɗe hanya ba sai 9 ga Disamba 1989, wata guda bayan an buɗe katangar Berlin. An rushe yawancin katangar a 1990, aka bar wani ɓangare da hasumiyar tsaro, yanzu gidan tarihi ne. Har gobe ƙauyen na jihohi biyu ne, ɓangare ɗaya ƙarƙashin Töpen a Bavariya, ɗaya ƙarƙashin garin Gefell a Turingiya. Lambar mota daban, hutun makaranta daban.

Zama a irin wannan wuri sai mai mota. Bas ba ta yawan shiga ƙauyuka, ga sanyin hunturu, duhu na shiga tun kafin ƙarfe biyar. Masallacin Juma'a, naman halal, ɗan aikin da ɗalibi ke yi ya rage kuɗin haya, duk a gari suke. Ka fara neman ɗakin kwanan ɗalibai tun yanzu, domin jerin masu jira kan yi tsawo. In ka iso lafiya, sai mu sa rana mu je Mödlareuth tare.