Kan jirgin Class 66: wane fenti ne ya dace da wace shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tara ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a sikelin OO, wato ma'aunin da ke ƙanƙantar da jirgi kusan sau 76. Kwanan nan na sayi kan jirgi Class 66 na hannu, ja mai duhu da ratsin ruwan zinare, an rubuta EWS a jikinsa, lambarsa ta fara da 660. Layin da nake ginawa na Birtaniya ne wajen shekarar 2012. Abokina ya ce a lokacin babu EWS, don haka dole in sake masa fenti. Haka ne? Kuma mene ne asalin wannan jirgi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya yi gaskiya a kan sunan kamfani, amma a kan fenti bai yi ba. Don Allah ka ajiye burushi tukuna.

Asalin maganar daga masu fasa dutse ta taso. Kamfanin Foster Yeoman da ke jigilar tsakuwa daga Somerset ya gaji da yawan lalacewar jiragen British Rail, hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati a lokacin, sai ya yi odar nasa daga EMD, mai ƙera kawunan jirage, wanda a lokacin reshen General Motors na Amurka ne. Huɗun farko sun iso a 1986, aka kira su Class 59, kuma sun ja kaya ba ƙaƙƙautawa. Da aka sayar da sashen dakon kaya na British Rail a 1996, masu kamfanin jiragen ƙasa na Amurka Wisconsin Central ƙarƙashin Ed Burkhardt suka sayi mafi yawansa, suka raɗa masa suna EWS, wato English, Welsh and Scottish Railway. Abin da suka gada tsofaffin jirage ne, da yawa tun na shekarun 1960. Sai suka koma wa EMD da odar guda 250 a lokaci ɗaya, su ne Class 66. An ɗauki fasalin jikin Class 59, tunda an riga an san yana shiga ƙananan gadoji da ramukan Birtaniya, aka sa masa sabon inji samfurin 710 mai silinda 12, ƙarfin doki 3,300, gudunsa ya kai mil 75 a awa. A garin Landan na Ontariyo a Kanada aka ƙera su, ba Landan ta Ingila ba. Na farko, 66001, ya sauka a tashar ruwa ta Immingham a Afrilun 1998, kuma zuwa shekarar 2000 an gama kawo su duka. Masu sha'awar jirage suka laƙaba masa Shed, wato rumfa, saboda rufinsa mai kusurwa kamar na rumfar kwano.

Naka yana cikin waɗannan 250. Fentinsa ja ne mai duhu kamar zoɓo, da ratsin ruwan zinare mai karyewa a tsakiya, launukan da aka aro daga Wisconsin Central. Duba gefen ɗakin direba, za ka ga kawunan dabbobi uku: zakin Ingila, dodon Wales da barewar Sikotilan.

Yanzu ga inda abokinka ya zame. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, DB, ya sayi EWS a 2007. A ranar 1 ga Janairun 2009 suna ya koma DB Schenker, a watan nan kuma aka nuna Class 59 mai lamba 59206 cikin sabon fenti ja wur da rufi ruwan toka. A 2016 aka sake suna zuwa DB Cargo UK. To amma sauya suna a takarda aikin yini ɗaya ne, fenta jirage ɗari biyu da hamsin kuwa aikin shekaru ne, don duk jirgin da ke rumfar fenti ba ya kawo ko kwabo. A 2012 mafi yawansu suna nan da jan zoɓonsu, da manyan haruffan EWS a jiki. Jan DB shi ne baƙo a lokacin. Daga baya ne aka riƙa cire tsofaffin haruffa ana manna tambarin DB a kan tsohon fenti, wasu kuma sun yi ta aiki a haka har bayan 2020. Saboda haka idan ka bar naka yadda yake, ka fi kusa da gaskiyar 2012 fiye da wanda ya mayar da nasa ja wur.

Abin da yake buƙata shi ne tsufa. Jirgin da ya yi shekara goma sha biyu ko sha huɗu yana jan kwal da ƙarfe ba ya sheƙi. Jan ya koɗe, zinaren ya dusashe, rufin ya yi baƙi da hayaƙi musamman kewaye da salansa, ƙafafu da tankin mai sun yi ƙura ruwan ƙasa. Ni hodar fenti nake amfani da ita da busasshen burushi, kaɗan-kaɗan, ina duban hoton jirgi mai wannan lamba a wannan shekara. Ka nemi hoto mai kwanan wata kafin ka taɓa komai, domin jirage biyu masu lamba a jere na iya bambanta ƙwarai.

In kana son maƙwabta a layinka, 2012 shekara ce mai albarka. Freightliner, wani kamfanin dakon kaya, ta fara karɓar nata Class 66 a 1999, lambobi daga 66501, kore da rawaya, suna jan kwantena daga Felixstowe da Southampton. Tana da wasu masu lamba mai farawa da 666 da aka rage wa gudu zuwa mil 65 don su ja kaya masu nauyi. GB Railfreight ta shigo a 2001 da shuɗi da ruwan lemo, Direct Rail Services (DRS) kuma a 2003 da shuɗi mai duhu. Duk waɗannan za su zauna daidai kusa da naka. Wanda ba zai zauna ba shi ne Freightliner mai ruwan lemo da baƙin ratsi, don Genesee & Wyoming ta Amurka sai a 2015 ta sayi Freightliner, fentin kuma ya biyo baya. Haka ma 66779, na ƙarshe da aka ƙera wa Birtaniya, wanda aka yi wa koren British Rail na dā aka sa masa suna Evening Star a gidan tarihin jiragen ƙasa na York a 2016. Yana da kyau matuƙa, na san yadda yake jan rai a kanti, amma shekara huɗu ya yi wa layinka gaba.

Akwai kuma abin da fenti ba ya ɓoyewa, wato jiki. Waɗanda aka ƙera daga baya domin rage hayaƙi suna da ƙarin ƙofa a gefe ɗaya, biyar ke nan maimakon huɗu, tankin mansu kuma ya fi gajarta. Fitilun gaba ma sun sauya fasali tsakanin rukuni da rukuni. Duk 250 na EWS masu ƙofa huɗu ne. Don haka in wata rana ka sayi na biyu da niyyar sake masa fenti da lamba, fara ƙirga ƙofofi. Gaban kuwa, kowane kamfani ka zaɓa, ka bar shi rawaya: a 2012 ƙa'ida ce, don ma'aikatan kan layi su hango jirgi tun daga nesa.

Taragai fa? Ka haɗa shi da manyan taragan kwal samfurin HTA masu launi irin nasa, waɗanda EWS ta fara amfani da su a 2001. A 2012 tashoshin wutar lantarki na Birtaniya suna cin kwal sosai, irin wannan jerin kuwa kullum yana kan hanya. Ka auna wurinka dai kafin ka saya: kan jirgin kaɗai, mai tsawon mita 21 da ɗoriya, yana cin kusan santimita 28 a sikelin OO.