Ko ɓata lokaci ne karanta binciken Turawa kan bori?

Tambaya: Malam, ina karatun tarihi a jami'a a nan Sakkwato. An ba mu aikin duba abin da Turawa masu nazarin al'adu suka rubuta kan bori da Maguzawa. Mahaifina ya ce abin da Shehu ya yaƙa, me za a tono a cikinsa? Ina neman shawararka.
Wata ɗaliba, Mabera

Amsa: Ɗiyata, ki gaishe da Baba, ki ce masa sanin abu daban, yin sa daban. A Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta da ke shugabantar 'yan bori. Wanda bai san ƙarfin Inna a zukatan mata ba, ba zai gane nauyin aikin Nana Asma'u ba, da ta naɗa jaji-jaji, wato mata malamai, suna shiga ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'Yan Taru.

Sai dai ki riƙa duba wa ya riƙe alƙalamin. Tremearne hafsan sojan Ingila ne, kuma da yawa daga abin da ya buga a 1914 a bakin Hausawan Tunis da Tarabulus ya ji shi. Greenberg, Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar sun yarda Allah ne mahalicci, iskoki kuwa su ake yi wa yanka. Aikinsa ya fi natsuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. A wurin 'yan bori iskoki na da birninsu, Jangare, da gidaje da sarautu irin na mutane, ƙarƙashin Sarkin Aljan. Da Nasara suka ci ƙasa, sai ga sababbin iskoki sun bayyana: sojoji, masu fareti da tsawa. Wajen 1925 a yankin Filinge ta Nijar suka yi ƙarfi har jami'in Faransa ya kulle masu hawansu, daga baya shi kansa ya koma iska mai suna Komanda Mugu. Faɗuwar Sakkwato a Maris 1903 muna da wasiƙun sarakuna da waƙoƙin malamai a kanta. Tsoron da talaka ya sha na aikin tilas da bulala kuwa babu mai rubuta masa, sai a irin wannan wuri ake ganin sawunsa.

Ki fara da Greenberg, sannan ki je cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ki gwada da abin da malamanmu suka rubuta kan al'adun da suka tarar.