Ɗan tsuntsun yashin kogin Challawa

Malam, tsuntsun da ka ce kana gani a bakin kogin Challawa da hunturu, mai baƙin zobe a wuya da rawaya kewaye da ido, baƙo ne. A Turai yake ƙwai, ya ƙetaro Bahar Rum da Sahara ya iso mana bayan damina, wajen Maris ya koma. Tsawonsa wajen santimita 15 ne kawai, amma dubi tafiyar da yake sha!

Gudun da yake yi ya tsaya cak, farauta ce: ƙwari da tsutsotsi yake tsinta a jiƙaƙƙen yashi. Can gida, ƙwai huɗu macen ke sakawa a kan tsakuwa. Don Allah a hana yara harbinsa da danƙo.